Kwamfuta ba ta ga mara lafiya ba: wa ya shaida abin da aka shigar mata?

Tun da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta fito a 2024 da shirin mayar da bayanan marasa lafiya kan kwamfuta a faɗin ƙasa, bakin ma'aikatan asibiti da malaman jami'a bai zo ɗaya ba. Wasu murna suke yi. Sun ce zamanin ɓatan folda ya wuce, mai bincike zai zauna a ofis ya latsa maɓalli ya ga mutum nawa aka kawo imajansi a wata guda, me ya kawo su, nawa suka tashi, nawa suka riga mu gidan gaskiya. Wasu kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce a ƙasar da wuta ba ta tsayawa. Ni ina tare da masu son kwamfuta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi kwamfutar muhimmanci a wurina: duk binciken da aka ɗora a kan bayanan sashen gaggawa, kada a karɓe shi sai mai shi ya nuna yadda ya gwada bayanan da abin da ya faru a bakin gadon mara lafiya. Kwamfuta ba ta da ido. Abin da aka faɗa mata take riƙewa, ta kuma maimaita shi da tsabtataccen rubutu ko da ƙarya ce.

Mu sauko ƙasa mu ga yadda ake haifar bayanin. Duk wanda ya san Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo ta jihar Kano, ya san cewa da ka bar bakin titin Gwarzo ka nausa ciki, gona ce manne da gona, gida a tsakiyar gero da dawa. A watan Agusta, lokacin da sauro ya yi yawa, dare ba ya wucewa ba a fito da yaro mai jijjiga daga irin waɗannan unguwanni ba. A kan babur ko a Adaidaita Sahu ake ɗauko shi, uwa ta rungume shi, kaka na gefe, baffa na gaba. Na tsaya a bakin tagar kati a wani asibiti na saurari yadda maganar ke gudana. Mai kati ya ce, "Baba, yaya sunan yaron?" Uwa ta sunkuyar da kai, domin ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. Kaka ta ce, "Abba." Ya ce, "Shekararsa nawa?" Ta ce, "Ɗan nan, ai da kaka aka haife shi, bara da azumi aka yaye shi." Mai kati ya dubi yaron, ya rubuta uku. Da a takarda ne, ukun za ta zauna a matsayin kintace. Manhajar kwamfuta kuwa rana da wata da shekara take nema, ba ta barin ka wuce sai ka cike, don haka sai a ba yaron 1 ga Janairu. Nan take kintace ya koma ranar haihuwa. Wata uku gaba, in uban ne ya kawo shi, sunan yanka zai faɗa, a buɗe masa sabon kati, yaro ɗaya ya zama biyu. In kuma babu kuɗin sabon kati aka ɗauko na wansa, yara biyu sun zama ɗaya.

Ba a nan ta tsaya ba. Nas ta ce, "Mama, kun ba shi wani magani a gida?" Sai a ce a'a. Alhali mai kemis ya yi masa allura biyu tun shekaranjiya, an ɗura masa jiƙo, an shafa masa abin da aka shafa. Ba don mugunta aka ɓoye ba, tsoron faɗa ne. "Yaushe ya fara?" "Tun bayan la'asar." Jijjigar ce ta fara bayan la'asar, zazzaɓin kuwa ya kwana uku. A nan zan ɗan ratse: lokutan salla da mutanenmu ke faɗa sun fi ƙarfe kaza da ake tilasta musu su ƙirƙira inganci, in da za a sami wanda zai tsaya ya juya su zuwa agogo. Sannan nauyin yaron, wanda da shi ake auna allurar zazzaɓi mai tsanani: an ɗora shi a sikeli, ko da ido aka auna? A kwamfuta duka biyun lamba ce, babu alamar da ta raba su. Allurar da aka yi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ko kuma nas ɗaya ce a kan gado ashirin, sai da asuba za a shigar. Kwamfuta lokacin shigarwa ta sani. Mai binciken da ya zo bayan shekara biyu yana lissafin tsawon jiran magani zai rubuta awa shida, ya buga a mujalla, kuma ba wanda ya yi niyyar yi masa ƙarya.

Mai karatu zai iya cewa wannan ciwon namu ne, na talauci da rashin karatu. To, mu leƙa inda wuta ba ta ɗaukewa. A 2019 mujallar JAMA Network Open ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, inda masu sa ido suka riƙa bin likitoci 9 masu neman ƙwarewa a sashen gaggawa, suka halarci ganawarsu da marasa lafiya sau 180, sannan suka gwada abin da suka gani da abin da likitocin suka shigar. Cikin tambayoyin da aka rubuta cewa an yi wa mara lafiya game da sassan jikinsa, kashi 38.5 cikin ɗari kawai aka iya tabbatarwa. Cikin duban jiki da aka rubuta cewa an yi, kashi 53.2. Babban abin zargi shi ne manhajar da ke zuwa da shiryayyen rubutu, latsa ɗaya ta cike shafi da "lafiya lau". Haka nan an daɗe da lura a asibitocin Amurka cewa adadin numfashi a minti yana taruwa a kan 18 da 20, kamar kowa tare yake shaƙar iska, alamar ba ƙirgawa ake yi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗannan suna da ma'aikata, suna da sikeli da agogo, haihuwar kowa a rubuce take. Mu da binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rijistar haihuwa, me muke tsammani?

Hujjar masu murna ta farko ita ce takarda ta fi muni, kuma da babu gara ba daɗi. Na yarda da rabin maganar, ba kuma don kara ba. Wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiye folda ya ga ɗaurin takardu har rufi, gara ta ci wasu, yoyon damina ya haɗe wasu, rubutun likita ko shi kansa ba ya iya karantawa, ba zai yi kewar takarda ba. Kwamfuta tana hana ɓata, tana sa a ga tarihin mutum cikin minti ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sayenta. Amma folda tana da wata gaskiya da take nunawa ba da sonta ba: ana ganin inda aka soke, inda biro ya canza, inda aka bar fili. Mai bincike yana ganin raunin da idonsa, ya yi taka-tsantsan. Jadawalin da kwamfuta ta fitar kuwa a jere yake, tsaf, ba tabo, sai ya sa mutum ya saki jiki. Haɗarin ke nan.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta masana lissafi. Sun ce in bayanai suka kai dubu ɗari, ƙananan kurakurai suna cinye juna, wanda aka ƙara wa shekara ya biya wa wanda aka rage wa. Haka ne, in kuskuren ba shi da alƙibla. Namu kuwa gefe ɗaya ya karkata. Kwanon awon da aka bubbuge gindinsa, ko buhu dubu ka auna da shi a kasuwar Dawanau, tauyewar ƙaruwa take yi, ba raguwa ba. Wanda ya fi jin jiki shi ne ya fi ƙarancin rubutu, domin hannun kowa yana kansa, ba mai sararin latsa maɓalli. Wanda ya cika a bakin ƙofa sau da yawa ko kati ba a yanka masa ba. Wanda kuɗin jini ko na magani ya gagari iyalinsa, suka sa hannu suka tafi da shi, rubutunsa ya ƙare a "an tafi da shi gida". Ya warke? Ya rasu a hanyar Gwarzo kafin a kai shi ɗaki? Kwamfuta ba ta sani ba, kuma mai binciken da ya lissafa mutuwar da ta faru a kan gado kaɗai zai ba asibitin kyakkyawar shaida da bai cancanta ba. Duk waɗannan giɓoɓi mutum iri ɗaya suke haɗiyewa: talaka, na ƙauye, mai ciwo mai tsanani, wato ainihin wanda aka ce dominsa ake binciken.

Alƙaluman haɗarin mota sun nuna girman giɓin. A 2016 hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta ba da rahoton mutuwar mutum 5,053 a kan hanyoyin Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta 39,802 a 2016 ɗin. Ko mutum ya ce ƙiyasin ya yi yawa, tsakanin biyar da arba'in akwai tafiya. Ruwa ba ya tsami banza: wanda babur ya kaɗe a ƙauye, aka kai shi wurin mai ɗori, ya rasu bayan sati, aka yi masa sutura kafin azahar, a littafin wa ya shiga?

Mu Kanawa ba ma buƙatar a ba mu labari, mun gani a watan Afrilun 2020. Masu haƙan kabari ne suka fara cewa gawa ta yi yawa, kafin wata hukuma ta buɗe baki. Da Gwamnatin Tarayya ta turo tawaga ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo, rijistar asibiti ba ta isa ta ba da amsa ba, sai da aka koma maƙabartu da gidajen mamata ana tambayar iyalai yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya sanar da mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, waɗanda aka saba lissafa Ungogo a cikinsu, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona, kuma fiye da rabi a gida suka rasu. To, a ce a lokacin kowane asibiti a Kano yana da kwamfuta mai aiki dare da rana. Da ta nuna me? Da ta nuna sashen gaggawa ba cunkoso, domin asibitoci da dama sun rage aiki, mutane kuma suna tsoron zuwa. Mai binciken da ya dogara da ita kaɗai zai iya rantsuwa cewa Kano lafiya take, a watan da ake layi a maƙabarta.

Akwai kuma kuskuren da ba na gajiya ba ne, na neman yabo ne. Wannan ma mun ɗanɗana. Shekara da shekaru ƙananan asibitoci suna cike rijista, a tattara a takardar wata, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira. Rahoton ofis yana nuna an yi wa sama da kashi 90 cikin ɗari na yara allurar rigakafi. Da aka bi gida-gida a binciken 2016 zuwa 2017, sai aka tarar kashi 33 ne suka sami zagaye na uku na allurar da ke kariya daga cututtuka biyar. A 2017 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Manhajar ba ta yi laifi ba, lissafinta daidai ne. Ma'aikaci ne ya gane cewa ƙaramar lamba tana jawo takardar tuhuma, babba tana jawo yabo. Bayan 'yan shekaru, daga ƙarshen 2022, mashaƙo ya ɓarke, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Yaran da ba a yi wa allura ba suna nan, ko da takarda ta ce an yi.

Abin da ya sa nake jan kunne yanzu shi ne kuɗi ya fara bin bayanan gaggawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kiwon lafiya na tushe, ta ce kashi 5 na asusun na jinyar gaggawa ne. Daga nan shirin NEMSAS ya fito a 2022, mai biya wa mara lafiya kuɗin motar asibiti da jinyar awa 48 na farko. Shiri ne mai kyau, ina fatan ya kai kowace mazaɓa cikin 484 da ke jihar nan. Amma da zarar abin da aka shigar shi ke kawo biya, dole ciwo ya riƙa yin tsanani a rubuce. A Amurka ma an san rubutun asibiti yana bin abin da kamfanin inshora zai biya. Mai binciken da zai zo ya ga masu tsananin ciwo sun ƙaru, ta yaya zai raba ƙaruwar cuta da ƙaruwar neman biya?

Wasu kuma, musamman dattawa, cewa suke a bar mu da wannan bincike-bincike, mun ga abin da ya jawo mana. Suna nufin 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar. Ina girmama wannan ciwo, amma darasin da na ɗauka daban ne. Me ya sa rikicin ya ja fiye da shekara goma? Takardu ne. A 2001 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watan baya. Da aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, masu neman diyya sun fi yaran da aka yi gwajin a kansu yawa, har sai da aka koma gwajin ƙwayar halitta don gane na gaskiya. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara goma sha biyar bayan abin ya faru. Mai ƙarfi yana da lauya. Talaka ba shi da wani mai shaida sai rubutun da aka yi daidai, da cikakken suna da rana, a lokacin da abin ke faruwa.

Kuma kada a ɗauka manyan mujallu za su tace mana. A watan Mayun 2020 mujallar The Lancet ta buga binciken da ya ce ya tattara bayanan kwamfuta na mutum sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ta hannun wani kamfani mai suna Surgisphere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin wani magani saboda shi. Cikin abubuwan da suka tona asirin har da adadin da aka jingina wa Afirka, domin masana sun tambaya: waɗanne asibitoci ne a nahiyar ke da irin wannan cikakken tsari? Kamfanin ya ƙi buɗe bayanan, aka janye binciken cikin sati biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an tsayar da aiki a ƙasashe da dama.

Saura hujjar da ta fi taɓa ni, ta likita da nas. Sun ce, "Malam, rai muke ceto. Yaro na shure-shure a gabana, in bar shi in je in cike akwatuna arba'in?" Wallahi a'a. Duk wanda ya ɗora musu laifi ya bar jaki yana dukan taiki. Ma'aikatan da suka rage bayan masu tafiya Saudiyya da Ingila sun tafi, aikin mutum uku kowannensu ke yi. Shi ya sa nake cewa kuɗin da za a kashe a kan manhaja mai ƙyalli, a fara yankar wani kaso a ɗauki ma'aikacin adana bayanai wanda zai kwana a imajansi, a tsaye kusa da gado, aikinsa kawai ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi. Makarantun koyon kiwon lafiya suna yaye irinsu kowace shekara, da yawa suna zaune ba aiki. A rage akwatunan zuwa 'yan kaɗan da za a iya cikewa da gaskiya. A bar wurin da za a rubuta "ba a sani ba", da wurin da za a nuna cewa shekaru ko nauyi kintace ne, domin manhajar da ba ta yarda da rashin sani ba ita ke koya wa ma'aikaci ƙirƙira. A sa sikeli mai aiki da agogon bango. Kowa ya shiga da lambar sirrinsa, a daina barin ta mutum ɗaya a buɗe har gari ya waye.

Su kuma kwamitocin ɗa'a na bincike, na Jami'ar Bayero da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Ma'aikatar Lafiya ta jiha, a hannunsu wuƙa da nama suke. Duk ɗalibi ko malamin da ya zo da buƙatar kwashe bayanan imajansi, a tambaye shi: fayil nawa za ka ɗebo ka gwada da rijistar nas da ta ɗakin magani? Dare nawa za ka tsaya ka ga yadda ake shigarwa? Nawa ne ba su cika ba, kuma su waye? Waɗanda aka tafi da su gida, za ka kira wayar iyalinsu bayan sati ka ji yadda ta kaya? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya amsa waɗannan, bincikensa zai fi ƙanƙanta, ya fi jinkiri, ya kuma fi amfani.

Waɗanda ba su iso asibiti ba kuwa, ba manhajar da za ta gano su daga cikin birni. A Rijiyar Zaki da ƙauyukan bayanta, ba a binne mutum mai unguwa bai ji ba, liman bai sallata ba, masu haƙa ba su haƙa ba. A ba mai unguwa littafi mai layi huɗu: suna, namiji ko mace, kimanin shekaru, da ko an kai shi asibiti. Ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya bi duk ƙarshen wata ya kwafa, ya zauna da iyalan da suka yarda ya tambayi yadda ciwon ya kasance, kamar yadda aka yi dole a 2020. A biya mai unguwa ɗan alawus a kan riƙe littafin, ba a kan yawan sunayen da ke ciki ba, sannan duk wata uku a ɗora adadinsa gefe da na asibiti a gaban Kwamishinan Lafiya.